Tsaga Huɗu a Gefen Dodo

Darakta ɓarawo ne. Bai fasa shago ba, bai yanke aljihun kowa ba, amma ya kwashe aikin sama da shekara arba'in na wan mahaifinsa, ya rataya a bango, ya rubuta sunansa a ƙasa. Ya yi haka ne don ya san tsohon ba zai iya buɗe baki ya ce nawa ne ba.

Tsohon mai ɗaukar hoto ne, kuma duk layin masu hoto da sunan Sunkuyau suka san shi. Sunan ya samo asali daga kyamararsa. Wata baƙar aba ce mai kusurwa huɗu, mai nauyin bulo, wadda ba a kai ta ido. A ciki ake riƙe ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa gilashin da ke kwance. Saboda haka duk wanda ya tsaya gabansa, ko ɗan dako ne ko mai shara, sai tsohon ya sunkuyar masa da kai kafin ya ɗauke shi. Fim ɗinta faffaɗa ne, hoto goma sha biyu kacal yake ci. Dodon hoton, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, ya kusa cika tafin hannu. Da rana yakan ɗauki hoton fasfo da na 'yan makaranta don a ci abinci. Ran hutu kuwa sai ya rataya kyamarar nan ya shiga gari yana ɗaukar hannuwan mutane: hannun maƙeri, hannun mai wanki, hannun ungozoma, hannun mai ɗaure littafi. Ba fuska, hannu kawai. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ya tara dodannin a ambulan, ambulan a akwatin ƙarfe guda uku.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi yana tsaye a shago. Ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama da harshe. Matarsa ta riga ta rasu, babbar 'yarsa tana aure nesa, autansa yana aiki a wata ƙasa. Jinya ta faɗo kan ta tsakiya, malamar firamare, wadda kowa ke kira Malama. Ta dawo da shi gidanta, ta rasa inda za ta sa gadon asibiti da keken guragu, don kayan shago sun cika ɗakin.

Ranar ce Darakta ya zo da mota. Ɗan baffanta ne, ya girme ta da shekara uku. Ya taɓa yin fim ɗin talla guda biyu, tun daga nan ya hana kowa kiransa da sunan yanka. Ya tsaya bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici.

"Ƙanwata, wannan tarkacen ai cuta ne a ɗakin majinyaci. Kin ji warin magani?"

"Kayan Baba ne, Yaya."

"Kayan Baba ne a da. Yanzu wa ke fim? An daina yinsa, an daina wanke shi. Wayar da ke hannunki ta fi wannan bulon sau ɗari. Ko 'yan gwangwan sai kin haɗa su da Allah kafin su ɗauka. Bari in rage miki wahala."

Ta yi masa godiya. Wannan godiyar ce ta fi ci mata rai daga baya. Ita da kanta ta kama masa akwati ɗaya suka kai mota, kyamarar ma ya haɗa da ita. Tsohon yana kwance yana ta gurnani, yana buga katifa da hannun hagu, ita kuwa ta ɗauka fitsari yake ji.

Shekara biyu suka wuce. Wata Talata a ɗakin malamai, tana cikin duba littattafan 'yan aji huɗu, malamar lissafi ta ajiye mata wata takardar gayyata mai sheƙi a kan tebur.

"Ba ɗan'uwanki ba ne wannan? Ashe kuna da manya kuke ɓoyewa."

A gaban takardar ga Darakta da baƙin tabarau, ga bulon nan rataye a ƙirjinsa. An rubuta cewa ranar Asabar za a buɗe nunin hotunansa a babban zauren zane-zane, hotuna sittin, aikin shekara goma da ya yi yana yawo da tsohuwar kyamara don ya ceto sana'ar da ke mutuwa. An ce za a buga su a littafi, kuma makarantar koyon fasaha ta ba shi kujerar koyarwa. Malama ta juya takardar. A baya akwai hoto ɗaya mai kusurwa huɗu, zagaye da baƙin gefe. Hannun mace ne riƙe da almakashi a kan yadi. A gindin babban yatsa akwai tabon ƙuna mai kama da ƙwayar wake.

Ta san tabon. Ta sha ganinsa yana ɗaure mata ɗankwali, ta sha jin saukarsa a kumatunta. Hannun mahaifiyarta ne, wadda ta shekara goma sha tara a ƙasa.

Ba ta gama darasin ranar ba. Ta isa gida ta tarar mai aiki ta zaunar da tsohon a keke kusa da taga. Ta durƙusa ta ɗora masa takardar a cinya.

"Baba, ka ga abin da Yaya ya yi?"

Ya daɗe yana kallo. Bai dubi hoton Darakta ba, bai ma tsaya kan hannun matarsa ba. Sai ya kai farcen babban yatsansa na hagu gefen hoton, kan baƙin layin nan, ya shiga kankara. Ya kankara, ya ɗago ya dube ta, ya ɗaga yatsa biyu. Ya sake kankarawa. Bakinsa yana motsi, miyau yana zuba, kalma ta ƙi fita.

"Biyu me, Baba? Ƙwaya biyu? Ai ka sha na rana."

Ya ture takardar ta faɗi ƙasa, ya juya fuska bango. Likita ya riga ya gaya mata cewa zuciyarsa ta gaji, kada ta yi dogon lissafi. Abin da ya tsaya mata a wuya ke nan: littafin zai fito da sunan wani, tsohon ya mutu yana ji yana gani, kuma ita ce ta kai akwatin mota.

Washegari ta tafi wurin Baffa, mahaifin Darakta. Ta same shi a falo ya miƙe ƙafa a kan sabon kafet, takardar gayyatar nan an sa ta a firam an jingine kan talabijin. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya saurara yana jan carbi.

"To, 'yata, na ji. Yanzu me kike so a yi?"

"A sa sunan mai aikin, Baffa."

"Sunan mai aikin. Shi da ɗan'uwanki ba jini ɗaya ba ne? In an ɗaga ɗaya ai an ɗaga gidan. Mahaifinki ya shekara arba'in yana tara takardun nan, me suka tsinana masa? Ko fanka bai saya da su ba. Yaro ya zo ya fito da su daga ƙura, sai ki ce sata?"

"Ya ce shi ya ɗauka. Har da hannun Inna."

"Hannu ai hannu ne. Mata nawa ne suka ƙone a yatsa? Ke dai ki rufa mana asiri. Kada in ji maganar nan a waje. Ke mace ce mai hankali, kada ki zama wadda ta raba zumunci."

Haka ake yi. Wanda ya ɗauki kayan wani ba ya raba zumunci, sai wadda ta ce a mayar. Malama ta fito kunnuwanta suna zafi. Abin haushin shi ne Baffa ya faɗi gaskiya a wuri ɗaya: ba ta da shaida. Hannu ba ya ɗauke da kwanan wata. Guduma da almakashi da igiya yau kamar jiya suke. Darakta ba wawa ba ne, ya zaɓi hotunan da babu mota, babu allon shago, babu fuska.

A hanya ta kira shi. Ya ɗauka da fara'a.

"Ƙanwata ta kaina! Kin ga kati? Na sa a ajiye miki kujera a gaba."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ka ce mini tarkace ne."

"Tarkace ne mana, a hannun wanda bai san darajarsa ba. Kyamarar dai Baba ya bar mini, ni kuma na yi aiki da ita. In ya so ki kawo shi ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya nake."

Ya yi dariya ya kashe.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta ta nufi layin masu hoto. Rabin shagunan sun koma sayar da murfin waya. A ƙarshen layin, ƙarƙashin matakala, akwai wani ɗan kurkukun shago na Mai Agogo, abokin mahaifinta tun suna samari, wanda ke gyaran agogo da kyamara. Ta same shi da gilashi maƙale a ido ɗaya, ya baje hanjin wata kyamara a kan farin ƙyalle.

"Wa nake gani? 'Yar Sunkuyau! Ke da kika yi mini fitsari a kan teburin nan, yau kin tuna da ni?"

"Baba, ai kullum sai ka tona mini wannan."

"Zan tona har gaban mijinki. Yaya jikin mutumina?"

Ta zauna a kan benci ta kwashe labari ta gaya masa. Da ta zo wurin da Darakta ya ce ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba, tsohon ya cire gilashin ya ajiye.

"Ya ce miki haka? Dubi kantar nan." Ya nuna mata kyamarori biyar jere, kowace da takarda ɗaure a wuya. "Duk jiran gyara suke. Masu su ba su kai shekarun takalmina ba. Sun gaji da hoton da ake ɗauka dubu a share dubu. Fim kuwa ana yinsa, ana wanke shi, sai dai ka yi oda ka jira. Irin ta ubanki babu batir a cikinta, babu abin da zai ce miki ya tsufa a sabunta. Ƙarfe ne da gilashi da zaren agogo. Ta binne wayoyi goma na wannan ɗan'uwan naki, za ta binne shi, za ta binne ni. In dai akwai mai ɗiga mata mai, ba ta da ranar mutuwa. Ya sani sarai. Shi ya fara zuwa nan yana tambayata ko tana aiki, mako guda kafin ya je gidanki."

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ciro takardar ta miƙa masa.

"Ga shi. Baba yana ta kankarar gefen nan yana nuna mini yatsa biyu. Na rasa gane nufinsa."

Mai Agogo ya mayar da gilashin ido, ya kai takardar ƙarƙashin fitila. Ya bi gefen hoton da ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da tari.

"Wayyo jakin nan! Wayyo! Ya wanke su da baƙin gefen!"

"Me ya faru, Baba?"

"Yayi ne yanzu. Suna barin baƙin gefen dodo ya fito a hoto don a san fim ne na gaske, ba na waya ba. Burga ce. Zo ki gani."

Ya ba ta gilashin. A gefen hagu na hoton, inda haske ya haɗu da baƙi, akwai wasu 'yan tsaga guda biyu, ƙanana kamar haƙoran ɓera.

"A bayan kyamarar akwai gidan fim," in ji shi, "a gidan fim akwai taga ta ƙarfe, ta nan haske ke faɗa wa fim. Masu hoton da sukan sa a ɗan ci gefen tagar da magagari, don kowa ya gane dodonsa in an haɗa wanki. Kowane hoto da ya fito daga kyamarar sai ya ɗauko tsagar. Ubanki kuwa da nasa salon. Ranar da aka haifi yayarki ya zo nan da gudu, ko hula babu, ya ce in yi masa tsaga ɗaya. Da aka haifi na biyu ya dawo na ƙara. Haka ke, haka auta. Da hannun nan na yi su, magagarin ma ga shi can."

"Huɗu ke nan. Amma mu uku ne."

Tsohon ya dube ta ta saman gilashi.

"Akwai namiji tsakaninki da yayarki. Ya yi wata goma sha huɗu. Iyayenki ba su cika son maganarsa ba."

Ta san da shi, sama-sama, kamar yadda ake sanin ɗakin da ba a buɗewa. Ba ta taɓa sanin yana da alama a duniya ba. Ta sake duban tsaga ta biyu, ta daɗe.

"Yanzu ki yi lissafi, ke ce malama," in ji Mai Agogo. "Ƙarfe in an ci shi ba ya tsirowa. Kyamarar da ke wuyansa tsaga huɗu gare ta tun shekara talatin da suka wuce. Yayarki shekararta nawa?"

"Arba'in da shida."

"Shi fa gwanin?"

"Arba'in da ɗaya."

"To Asabar ki zo ki ɗauke ni. Zan sa rigata mai kyau."

Asabar da la'asar zauren ya cika. Farin bango, sanyin na'ura, masu hidima suna yawo da lemo a faranti. Hotuna sittin jere, kowane ya kai faɗin taga, kowane da baƙin gefensa. Malama ta tura keken mahaifinta ta shiga, Mai Agogo yana biye da jakar kayan aikinsa. Ta ga aikin ubanta a girman da bai taɓa ganinsa ba. Ana iya ƙirga zaren yadi, ana iya ganin ƙurar gawayi a tsagar fatar maƙeri. Mutane suna tsayawa gabansu suna yin shiru. A ƙarƙashin kowane ɗaya, sunan Darakta.

A tsakiyar zauren an ajiye tebur mai fitila a ciki, an jera dodanni a kai ƙarƙashin gilashi, don kowa ya ga shaidar aikin hannu. Darakta yana tsaye kusa da shi da bulon a ƙirji, yana yi wa shugabar zauren da 'yan jarida bayani. Baffa yana kujerar gaba. Da ya hango keken, carbinsa ya tsaya.

Darakta bai girgiza ba. Ya buɗe hannuwa ya taho.

"Jama'a, ga Babana! Shi ya fara nuna mini yadda ake riƙe kyamara. Ku tafa masa."

Aka tafa. Tsohon yana kallon kyamararsa a wuyan wani.

Shugabar zauren, wata doguwar mace mai furfura da tabarau a sarƙa, ta ce ko akwai mai tambaya. Malama ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Yaya, duk hotunan nan da wannan kyamarar ka ɗauke su?"

"Da ita kaɗai, ƙanwata. Ban taɓa haɗa ta da wata ba."

"Gidan fim ɗin ma shi ne?"

"Komai nata na asali ne. An rubuta a bango, ki karanta."

"Cikin shekara goman nan?"

"Ke kam yau jarrabawa kika zo yi mini?" Aka yi dariya. "E, cikin shekara goma."

"To wannan na maƙerin, me ya sa yake da tsaga ɗaya a gefe, na mai almakashi yake da biyu, na ungozoma uku?"

Ya juya ya dubi bangon. A fuskarsa kowa ya ga bai taɓa lura ba. Shekara biyu yana juya dodannin nan, yana zaɓa, yana aunawa, bai ga abin da mai ciwon ɓarin jiki ya gani a kallo ɗaya ba.

"Wannan ai lahanin tsufa ne. Tsatsa ce. Tsohuwar na'ura dole ta yi 'yan tabo."

"Tsatsa mai ƙirga," in ji Mai Agogo da ƙarfi. "Yau ta ci ɗaya, gobe uku, jibi ta koma biyu. Ranki ya daɗe, a ce ya buɗe bayan kyamarar."

Shugabar ta sa tabaranta, ta matsa kusa da hoton maƙerin, sannan ta je teburin fitila ta sunkuya kan dodanni. Ta ɗago.

"Buɗe mana."

Darakta ya kama kyamarar ya juya ta. Ya danna nan, ya ja can. Ya murɗa mariƙin naɗe fim, ya taɓa madannin ɗauka. Gumi ya fito masa a goshi cikin sanyin nan. Mutumin da ya ce ya shekara goma yana yawo da ita bai san inda makullin bayanta yake ba. Wani ɗan jarida ya ɗaga waya ya fara ɗauka.

"Ta ɗan cije ne," in ji shi.

"Kawo, ɗana, kada ka karya wa mutane kaya." Mai Agogo ya zare madaurin daga wuyansa. Bai buɗe da kansa ba. Ya ɗora ta a cinyar Sunkuyau ya riƙe masa gefe ɗaya. Yatsun hagun tsohon suka bi jikinta, babban yatsa ya ture wani ɗan maɓalli, gidan fim ya rabu da jikin. Mai Agogo ya zare farantin da ke rufe tagar, ya ɗaga ta sama wajen fitila. Tsaga huɗu, reras.

Malama ta yi bayani da muryar da take koyar da 'yan aji huɗu, a hankali, ba ta tsallake komai ba. Ta faɗi wanda aka yi wa kowace tsaga da shekarar da aka yi ta. Ta ce kyamarar da ke da huɗu ba za ta haifi hoto mai ɗaya ba. Ta ce hotuna masu tsaga ɗaya an ɗauke su tsakanin haihuwar yayarta da ta wanda ke bi mata, shekara uku kafin a haifi mutumin da sunansa ke ƙarƙashinsu.

Aka bi bango ana ƙirgawa. Goma sha ɗaya masu tsaga ɗaya ne.

"Ashe tun yana ciki yake aiki," in ji wani daga baya.

"Wane ciki?" in ji Mai Agogo. "Lokacin ko auren uwarsa ba a ɗaura ba."

Dariya ta ɓarke. Baffa ya miƙe, fuskarsa ta yi toka.

"Ke! Ban hana ki ba? A gaban mutane za ki tozarta ɗan'uwanki?"

"Baffa, a gaban mutane ya rataya su." Ta nuna hoton almakashin. "Wannan hannun Inna ne. Tsaga ta biyun nan ta yaron da suka binne ce, ɗan yayanka. Kai ka ɗauke shi zuwa makwancinsa, haka aka gaya mini shekaranjiya. Ɗanka ya ce tsatsa ce."

Baffa ya kalli hoton. Ya dubi wansa a keke. Ya koma ya zauna.

Darakta ya gwada ta ƙarshe. Ya ce aikin na gida ne, shi ya ceto shi, ba don shi ba da gara ta cinye, kuma dama yana da niyyar ambaton Baba a shafin godiya. Shugabar ta juya masa baya. Ta kira wani ma'aikaci ta ce a kawo abin ɓamɓare takarda. A gaban kowa aka bi hotuna sittin ana cire sunan ɗaya bayan ɗaya, har da masu tsaga huɗu, don babu wanda ya ga dalilin yarda cewa mutumin da bai iya buɗe kyamara ba ya taɓa sa mata fim. Sannan ta zo ta durƙusa gaban keken, ta tambayi Malama cikakken sunan mahaifinta da yadda ake rubuta shi.

Tsohon bai kula da su ba. Mai Agogo ya mayar masa da gidan fim, shi kuma ya buɗe murfin sama da farce, ya sunkuyar da kai yana leƙa gilashin, yana juya ta a hankali a kan cinya har ya samo hannun 'yarsa a kan ƙarfen keke. Babu fim a ciki. Ya danna duk da haka, ƙarar ta fito kamar an rufe ƙofar mota.

Akwatunan uku sun dawo gidan Malama ranar Litinin, a motar zauren. Littafin ya fito bayan wata biyar da sunan mai shi, tsohon kuma ya riƙe shi a hannu, ya yi wata biyu yana buɗawa kafin ya cika. Kyamarar tana wurin Malama. Ran hutu takan je ƙarƙashin matakala Mai Agogo yana koya mata sa fim yana yi mata tsiya, ta ɓata naɗi uku kafin ta fitar da hoto ɗaya mai kyau. Wani dillali ya zo har gida sau biyu yana neman ta sayar, ta ce ba ta sayarwa ba ce.

Darakta kuwa makarantar ta janye kujerar tun kafin ya zauna a kanta. Ƙungiyar masu hoto ta soke sunansa. Bidiyon da yake kokawa da bayan kyamara ya zaga wayoyi, masu ba shi aikin talla suka daina ɗaukar kiransa. A layin masu hoto an daina ce masa Darakta, Ɗan Tayi ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har gidan surukansa. Da Sunkuyau ya rasu Darakta ya zo gaisuwa, Baffa ya aika a gaya masa ya zauna a waje.